Kunnen Kwamfuta da Koren Fasfo: Shekara Biyu na Wani Malami a Jamus

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa malamin kimiyyar kwamfuta ne a wata jami'ar gwamnatin tarayya a arewacin Najeriya. Ya yarda in ba da labarinsa bisa sharaɗin kada in ambaci sunansa ko na wuraren da ya yi aiki, saboda haka Malam kawai zan riƙa ce masa, kamar yadda ɗalibansa ke kiransa. Tun muna aji ɗaya a jami'a muka san juna, kuma ina cikin waɗanda suka taya shi sauraron muryoyin da za a zo kansu nan gaba. Ba daga nesa na hangi abin ba.

Bayan ya kammala digirin digirgir ya sami aikin bincike na shekara biyu a wata cibiya a kudancin Jamus, daga farkon Oktoba 2021 zuwa ƙarshen Satumba 2023. Jami'arsa ta ba shi hutu, iyalinsa suka zauna a gida. Abin da aka ɗauke shi ya yi shi ne gina manhajar da za ta saurari maganar Hausa ta mayar da ita rubutu.

Akwai abin da ya kamata wanda ba ɗan fannin ba ya sani tun daga nan. A yawancin fannonin ilimi, mujalla ce ma'aunin mai bincike. A kimiyyar kwamfuta manyan tarurruka ne. Kusan kowane taro sau ɗaya yake zuwa a shekara, yana da ranar rufe karɓar maƙalu, masana biyu ko uku ko fiye su tantance aikinka, in an karɓa dole ɗaya daga cikin marubutan ya yi rajista ya gabatar. Mai kwantiragin shekara biyu, zagaye biyu ke nan gare shi. In sun wuce babu abin nunawa, sabunta kwantiragi ya zama da wuya.

Ga mai riƙe da fasfon Najeriya kuwa akwai ƙarin nauyi. A 2018 da 2019, lokacin da aka yi NeurIPS, babban taron masu binciken ƙirƙirarriyar basira, a Montreal da Vancouver na Kanada, an hana 'yan Afirka da dama biza duk da suna da takardar gayyata, har abin ya zama zance a jaridu. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka tsara kai wani babban taron fannin, ICLR na 2020, Adis Ababa, sai annobar korona ta mayar da shi intanet. Malam ya san duk wannan, amma yana ganin tunda ya shiga Turai, matsalar ta zama ta waɗanda ke gida.

Oktoba 2021 zuwa Maris 2022: sakamako mai daɗin gani

Ya sauka a kan gaɓa. A Nuwamba 2021 masu bincike na kamfanin Meta suka saki samfurin XLS-R, wato manhajar da ke koyo daga misalai, wanda aka riga aka shayar da shi sautin magana na kimanin awa 436,000 daga harsuna 128. Ya zo a girma uku: mai ƙwayoyin lissafi miliyan 300, da mai biliyan 1, da mai biliyan 2. Amfaninsa ga mai aiki da Hausa shi ne ba sai ka koya wa kwamfuta ji daga tushe ba. Kunnen ya riga ya buɗe, saura ka nuna masa wane sauti ke tafiya da wane harafi, ta hanyar ba shi muryoyin da aka rubuta abin da suka faɗa.

Muryoyin da ke hannu a lokacin na Common Voice ne, shirin Mozilla inda 'yan sa-kai ke karanta jimloli a waya, wasu kuma su saurara su tabbatar. Na Hausa bai wuce 'yan awoyi ba. Masu shirin sukan raba shi kaso uku, na horo da na gyara da na jarrabawa, kuma a rabon nasu ba a maimaita jimla, ba a kuma barin mai murya ɗaya ya fito a kaso biyu. Wannan tsantseni yana rage yawan abin da za a yi horo da shi ƙwarai. Malam ya ga asara ce a bar sauran muryoyin a ajiye, sai ya haɗe duk wanda aka tabbatar ya cakuɗa, ya sake rabawa da ƙuri'ar kwamfuta: kashi 80 na horo, 10 na gyara, 10 na jarrabawa.

Sakamakon ya yi kyau har shugabar rukuninsu ta sa shi ya nuna wa sauran ma'aikata. Daga nan ya rubuta maƙala biyu. Gajeriyar ya tura wa ɗaya daga cikin ƙananan tarurrukan da ake haɗawa da babban taron ACL na masu binciken harshe da kwamfuta, wanda za a yi a Dublin ta ƙasar Ayilan daga 22 zuwa 27 ga Mayu 2022. Cikakkiyar, mai shafi huɗu da na biyar na manazarta kamar yadda ƙa'idarsu take, ya tura wa Interspeech a watan Maris. Wannan shi ne babban taron masu binciken magana, kuma a shekarar a Incheon ta Koriya ta Kudu za a yi shi.

Afrilu zuwa Mayu 2022: Dublin ta farko

An karɓi gajeriyar. Ana cikin azumi ya sayi tikitin jirgi mai araha, irin wanda ba a mayar da kuɗinsa, ya biya rajista daga aljihunsa. Sai a ƙarshen Afrilu, yana cike takardar neman izinin tafiyar aiki, sakatariyar sashe ta tambaye shi ko ya karɓi biza.

A nan ya gane bambancin Tarayyar Turai da yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe iyakokin da ke tsakaninsu. Katin izinin zamansa na Jamus yana ba shi damar shiga sauran ƙasashen Shengen har kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ayilan tana cikin Tarayyar Turai amma ba ta cikin Shengen, don haka ɗan Najeriya sai da bizarta ta daban. Kuɗin ba shi da yawa, Yuro 60 ne na shiga sau ɗaya. Lokaci ne matsalar: a rubuce yake cewa mai nema ya ba da tazarar kusan mako takwas, shi kuwa bai fi mako uku da 'yan kwanaki gare shi ba. Kuma neman yana nufin ya miƙa fasfonsa, alhali yana da wata tafiya a Yuni. Ya haƙura.

Taron na shekarar ya ba da damar halarta ta intanet, sai ya naɗi bidiyo ya tura. Ya zauna a ɗakinsa a lokacin da aka ware masa, mutum biyu suka leƙo, ɗaya ya gaishe shi ya fita. Kuɗin tikiti ya tafi. Na rajista ma sai da ya yi makonni yana jira, domin a can ƙa'ida ita ce ka kashe naka ka kawo rasit a biya ka daga baya, kuma in ka wuce wata shida ba ka nema ba ka rasa. Ana iya neman kafin-alƙalami, amma ba wanda ya gaya masa, shi ma bai tambaya ba. Ga mutumin da ke aika kuɗin makaranta da na cefane gida duk wata, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne.

Yuni 2022: tambayar Marseille

A watan Yuni amsar Interspeech ta zo: ba a karɓa ba. Masu tantancewa sun ce babu sabon abu a hanyar, kuma ɗaya ya nemi ƙarin bayani kan yadda aka raba muryoyin. Malam bai tsaya kan wannan layi na ƙarshe ba, ɓacin rai ya rufe masa ido.

Kwanaki kaɗan bayan haka ya hau jirgin ƙasa zuwa Marseille ta Faransa, inda aka yi taron LREC daga 20 zuwa 25 ga Yuni. Ba shi da maƙala a can, shugabarsa ce ta ce ya je ya ga mutane, tunda taron ya fi karkata ga tattara bayanan harsuna. Babu biza, katinsa da fasfonsa sun isa. A wurin shan shayi yana nuna wa wata mai bincike, wadda ta daɗe tana aiki kan wani harshen gabashin Afirka, alƙalumansa a kwamfuta. Ta duba ta ce sun yi kyau fiye da yadda ta saba gani a irin wannan ƙarancin murya. Sai ta tambaye shi abu biyu: shin masu muryar da ke kason jarrabawa suna cikin kason horo? Jimlolin fa?

A daren ya duba a masaukinsa. Suna ciki, su da jimlolin. Tunda mutane da yawa jimla ɗaya suke karantawa, kuma 'yan kaɗan ne suka ba da mafi yawan muryoyin, cakuɗawar da ya yi ta sa manhajar ta riga ta ji kusan duk abin da za a tambaye ta, sau da yawa ma daga bakin wanda zai tambaya. Ɗalibi ne da ya kwana da takardar jarrabawa a ƙarƙashin matashinsa. Da ya koma Jamus ya sake rabon yadda ya dace, kuskuren manhajar ya yi tsallen da ya rushe duk abin da maƙalun biyu suka tsaya a kai. Da ya gwada ta da hirar rediyo kuwa, abin da ta rubuta ba ya karantuwa.

Gajeriyar maƙalar ta riga ta shiga rumbun ACL da alƙaluman farko. Rumbun yana da hanyar da marubuci zai aika gyara. Malam ya yi kusan wata biyu yana juya maganar kafin ya aika.

Yuli zuwa Oktoba 2022: abubuwa huɗu da ba su yi ba

Na farko, ya ƙara girman samfuri, daga mai miliyan 300 zuwa mai biliyan 1. Injinan GPU na cibiyar, waɗanda ake horar da samfuri a kansu, na kowa da kowa ne, sai an bi layi, kuma babban samfuri yakan jira kwanaki kafin ya sami gurbi. An sami ɗan sauƙi a kan muryar masu karatu, a kan hira kuwa kusan babu.

Na biyu, ya haɗa wa manhajar taskar rubutun Hausa da ya kwaso daga intanet, don ta riƙa sanin wace kalma ce ta saba bin wace. Wannan ya gyara wasu wurare ya ɓata wasu, kuma a lokacin bai gane dalili ba.

Na uku ya fi ci masa rai, domin mutane ne a ciki. Ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU tana yajin aiki tun 14 ga Fabrairu, wanda bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Ɗalibansa na gida suna zaune babu karatu. Ya zaɓi biyar, yana tura musu shirye-shiryen rediyo ta WhatsApp suna rubutawa, yana biyansu daga albashinsa. Sun yi aiki tuƙuru, domin rubuta hira ta awa ɗaya yakan cinye yini guda ko fiye. Amma bai ba su wata ƙa'ida a rubuce ba, yana ganin ai duk Hausawa ne. Ƙari a kan haka, da ya kai maganar ga ma'aikaciyar da ke kula da dokar bayanai a cibiyar, ta nuna masa cewa shirye-shiryen mallakar gidajen rediyon ne, masu magana a ciki kuma ba su ba da izini ba. A ƙarƙashin dokar kare bayanan mutum ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 25 ga Mayu 2018, murya bayani ne na mai ita. Ba zai iya sakin wannan tarin ga kowa ba, kuma aikin da wasu ba za su iya maimaitawa ba ba ya samun daraja a wurin masu tantancewa.

Na huɗu, a 21 ga Satumba kamfanin OpenAI ya saki Whisper, samfurin mayar da magana rubutu, wanda aka horar da awa 680,000 na sauti, kuma Hausa na cikin jerin harsunansa. Malam ya gwada da fatan ya sami madogara. A Turanci abin mamaki ne, a Hausa bai taɓuka abin kirki ba.

A ɓangaren tafiya ma ƙofofi suna rufewa. Taron EMNLP na Disamba, shi ma na masu binciken harshe da kwamfuta, a Abu Dabi za a yi, daidai lokacin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta tsaurara ba 'yan Najeriya biza. Sannan ya lura fasfonsa, mai wa'adin shekara biyar, zai ƙare a Afrilu 2023, kuma katin zamansa a ranar ne shi ma zai ƙare, domin ba a ba shi wa'adin da ya wuce na fasfo ba. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da bai kai saura wata shida ba. Ma'ana daga Oktoba 2022 ya zama kamar marar fasfo a wajen Shengen. Da ya fara neman sabuntawa sai ga wata: jerin sunayensa a lambar NIN ya saɓa da na fasfo, kuma sai sun daidaita za a ci gaba.

Oktoba zuwa Disamba 2022: zama da kunne

Shugabarsa ce ta kawo shawarar, kuma ba ta yi masa daɗi ba da farko. Ta ce ya daina horar da komai na wata guda. Ya ɗauki jimlolin da manhajar ta fi yin kuskure a kansu, ya saurari kowace da kunnensa, ya dubi abin da aka rubuta a matsayin amsa da abin da manhajar ta rubuta, ya faɗi laifin na wane ne. Ita ba ta jin Hausa, ba za ta iya taya shi ba. A nan na shigo. Duk daren Asabar muna kan waya, shi a Jamus cikin sanyi, ni a gida, muna sauraro muna gardama.

Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Kaso mai yawa na abin da ake lissafa wa manhajar a matsayin kuskure, ba kuskuren ji ba ne.

Sai an fahimci yadda ake awon kafin a ga girman abin. Ana ƙirga kalmomin da manhaja ta musanya, da waɗanda ta tsallake, da waɗanda ta ƙara, a raba da yawan kalmomin amsa. Ɗauki jimlar "shi ne ya ƙara kuɗin", kalma biyar. In manhaja ta rubuta "shine ya kara kudin", an musanya uku an tsallake ɗaya, kuskure huɗu cikin biyar, kashi 80 cikin 100. Amma duk Bahaushen da ya karanta ya san ta ji daidai. Rubutun da aka koya mata ne ba shi da alƙibla ɗaya.

Muka fara tsinto su. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, wasu daga cikin ɗaliban suna sa su, wasu wayarsu ba ta da allon rubutun Hausa, kuma yawancin rubutun da ya kwaso daga intanet babu su sam. Saboda haka a idon manhajar ƙafa da kafa abu ɗaya ne wani lokaci, wani lokaci daban; haka baƙi da baki, ƙara da kara. Wannan ne ya bayyana dalilin da ya sa taskar intanet ta ɓata abin da ta ɓata. Sai rabon kalma: yana da ya na, a kan da akan, ba ta da bata. Sai lambobi, wani ya rubuta 2022, wani ya rubuta dubu biyu da ashirin da biyu. Sai ingausa, kalmar Turanci a tsakiyar jimla, wani ya rubuta ta da ƙa'idar Turanci wani da yadda ta fito daga baki.

Wanda ya fi sa Malam yin shiru shi ne na hannunsa. Ɗan shirin da yake tsabtace rubutu da shi, ya kwafo shi ne daga darasin da aka yi don harsunan Turai, kuma aikinsa goge duk alamomin rubutu. Ya goge har da alamar hamza. 'Ya'ya ta koma yaya, sa'a ta koma saa, 'yan ta koma yan. Wata tara yana koya wa kwamfuta cewa 'ya'yan mutum da yayansa kalma ɗaya ce. Ita alamar ma iri uku ce a kwamfuta, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya da wata ta masana harshe, ido ba ya bambanta su sosai amma injin yana yi.

Na ƙarshe shi ne karin harshe, kuma a nan muka fi daɗewa. Basakkwace ya ce "shina tahiya", ɗalibi Bakano ya rubuta "yana tafiya", da kyakkyawar niyya, yana ganin gyara ya yi. Sauti ya faɗi abu ɗaya, rubutu ya faɗi wani. Ni na so a mayar da komai daidaitacciyar Hausa, domin ita mai karatu ke tsammani. Malam ya ce a'a, a rubuta abin da aka faɗa, in ana son daidaitawa a yi ta a mataki na biyu da wata manhajar daban. Ra'ayinsa aka bi, kuma daga baya na ga nasa ne daidai.

Daga zaman nan takardar ƙa'ida ta fito, 'yan shafuka da Hausa, kowace doka da misalinta. Ya gyara shirin tsabtacewa, ya sake horar da ƙaramin samfurin nan mai miliyan 300 ba tare da ƙara ko minti ɗaya na murya ba. Ya zarce abin da mai biliyan 1 ya yi a kan gurɓataccen rubutu.

Disamba 2022 zuwa Janairu 2023: gida

Ya nemi tafiyar aiki ta mako shida zuwa Najeriya, wannan karon da kafin-alƙalami da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Tafiyar ta haɗa abu biyu. Ya gyara sunan NIN ya karɓi sabon fasfo mai shafi 64 da wa'adin shekara 10. Sannan ya tattara muryoyin da yake da izininsu.

Ba jimloli aka ba mutane su karanta ba, hira aka yi da su kan noma da kasuwa da rashin lafiya da biki, da wayoyin da kowa ke riƙewa, a inda suke, da hayaniyar wurin. An nemi masu magana daga Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato. Takardar yarda an karanta ta da Hausa, wanda ba ya rubutu ya amsa da baki aka naɗa. Muryoyin mata, waɗanda suka yi ƙaranci a duk abin da ya yi amfani da shi a baya, ɗalibai mata biyu ne suka samo su, tunda namiji baƙo ba ya shiga gidan aure ya zauna hira. Biyan masu magana ya yi wuya, domin sabbin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 sun fara yawo a 15 ga Disamba, kuma kafin wa'adin 31 ga Janairu tsabar kuɗi ta yi ƙaranci. Wasu an tura musu ta banki, wasu katin waya suka zaɓa.

Kafin a rubuta ko kalma ɗaya ya ware waɗanda muryarsu za ta zama kason jarrabawa, ya kulle, ba za su taɓa shiga horo ba.

Maris zuwa Mayu 2023: Kigali

Maƙalar da ya tura wa Interspeech a farkon Maris ba ta yi da'awar sabuwar hanya ba. Ta nuna abu uku: yadda cakuɗa kaso ke kumbura sakamako, nawa ne daga cikin kuskuren ke fitowa daga rubutu ba daga ji ba, da kuma tazarar da ke tsakanin muryar mai karatu da ta mai hira. Ta kwatanta da FLEURS, tarin muryoyin da Google ya saki a 2022 mai harsuna 102 har da Hausa, wanda jimlolinsa fassara ce ake karantawa. Biyu daga cikin ɗaliban sun shiga jerin marubuta.

Sabon katin zama ya fito kafin tsohon ya ƙare. Daga 1 zuwa 5 ga Mayu aka yi ICLR a Kigali, karon farko da taron ya sauka Afirka da jiki, kuma Ruwanda tana ba da biza a filin jirgi. A shekarar Kuroshiya ta shiga Shengen tun 1 ga Janairu, kuma ana wani taron a birninta na Dubrovnik a wannan makon, wanda zai fi masa sauƙi da araha. Ya zaɓi Kigali saboda ƙaramin taron AfricaNLP na harsunan Afirka da mutanen Masakhane, ƙungiyar masu binciken waɗannan harsuna a kwamfuta. A can ya tsaya gaban fostarsa awa biyu bakinsa bai huta ba, masu aiki da Yarbanci da Amharik suna ba shi labarin irin nasu gurɓataccen rubutun. Ya kuma haɗu da wani mai bincike daga Nijar, wanda ya tuna masa cewa a ƙa'idar rubutun can ƴ ake sa wa inda Najeriya ke sa 'y. Suka shirya a naɗo muryoyi daga Maraɗi da Damagaram.

Mayu zuwa Satumba 2023: Dublin ta biyu

A tsakiyar Mayu aka karɓi maƙalar. A ƙarshen watan Meta ta saki samfurin MMS, mai jin harsuna fiye da 1,100, wanda aka gina galibi da karatun Sabon Alkawari. Da shekarar da ta wuce ce, da wannan ya shafe aikinsa. Yanzu kuwa abin da ke hannunsa ma'auni ne, wato tarin muryoyin da ake gwada samfura da shi, kuma kowane sabon samfuri ƙara masa amfani yake yi.

Interspeech na 2023 a Dublin aka yi, daga 20 zuwa 24 ga Agusta. Ana iya neman bizar tun saura wata uku, ya nema a farkon Yuni. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne katin zamansa zai ƙare mako biyar bayan taron, kuma mai ba da biza yana son hujjar cewa za ka koma. Cibiyar ta ba shi wasiƙar ƙarin shekara guda a kwantiragi, wadda karɓar maƙalar ta taimaka wajen samunta. Bizar ta fito a Yuli. Ya je ya gabatar da bakinsa. A farkon Satumba ɗaya daga cikin ɗaliban mata ta halarci Deep Learning Indaba, taron masu binciken ƙirƙirarriyar basira na Afirka, a Akara da fasfon ECOWAS, babu neman biza.

Yadda na ga lamarin

Wata huɗu Malam ya kashe yana neman magani a wurin da babu ciwo, kuma ina ganin dalilin a fili yake. Ƙara girman samfuri aiki ne da kowa a cibiyar ya san darajarsa. Zama ana sauraron hirar wata tsohuwa ana gardama kan hamza bai yi kama da kimiyyar kwamfuta ba, ko a idonsa. Amma shi kaɗai ne a ginin nan zai iya yin sa. Abin da ya fi kowa da shi, wato kunnen da ya tashi da Hausa, shi ya bari na ƙarshe.

Tafiye-tafiyen ma ba girman taro ne ya tantance amfaninsu ba. Marseille, inda ba shi da maƙala, ita ta ceci aikin, domin tambayar da aka yi masa a tsaye da kofi a hannu ita ce wadda mai tantancewa ya rubuta masa bai gani ba. A ɗakin bidiyo na Dublin ta farko babu wanda zai yi masa ita. Shi ya sa ban yarda da masu cewa halarta ta intanet ta warware matsalar bizar 'yan Afirka ba. Ta ba su damar magana, ba ta ba su damar a tsare su da tambaya ba.

Asarar Dublin ta farko da giɓin fasfo, rabi nasa ne rabi na tsarin wurin. Sakatariyar da ta saba da ma'aikata masu fasfon Turai ba ta da dalilin tunanin biza sai ta ga takarda. Amma jerin a bayyane yake ga wanda ya zauna ya rubuta shi: NIN ke riƙe da fasfo, fasfo ke riƙe da katin zama, kati da kwantiragi ke riƙe da biza. Da ya zana wannan a makon da ya sauka, kusa da ranakun tarurruka, da ya ga Oktoba 2022 tun daga nesa.

Inda har yau nake ganin ya gaza shi ne wata biyun da ya yi kafin ya aika gyaran maƙalar farko. Na fahimci tsoronsa, baƙo ne mai gajeren kwantiragi. Amma a cikin wannan lokaci wani ɗalibi a wata jami'a zai iya ɗaukar alƙaluman nan ya sa su a matsayin abin da dole ya zarce, ya yi ta wahala a kan abin da babu shi. Ɗalibai uku da suka yi aikin rediyo ba su shiga jerin marubuta ba, an biya su, an gode musu a ƙasan shafi, kuma aikin nasu yana kulle saboda rashin shirin da ba nasu ba.

Kason Nijar bai samu ba. An yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar, abokin aikin nasa ya rasa hanyar karɓar kuɗin aikin. Zuwa ƙarshen 2023, inda wannan nazari ya tsaya, ma'aunin Malam na auna Hausar garuruwa huɗu ne na Najeriya, kuma haka ya rubuta a shafin farko na bayanin tarin.